Yadda Ake Zaƙulo Littattafai Masu Kyau a Rumbun Aron Laburare na Intanet

Mutum zai karɓi katin laburare, ya sauke manhajar aro a wayarsa, ya buɗe da ɗoki, sai ya tarar duk littafin da ya ji ana yabo akwai jiran makonni a kansa. Waɗanda suke a sake kuma bai san marubutansu ba, bai san ko sun cancanci lokacinsa ba. A nan ne mutane da yawa suke rufe manhajar su ce babu komai a ciki. Akwai kuwa, har fiye da abin da mutum zai iya karantawa. Abin da yake faruwa shi ne ana shiga rumbun aro kamar yadda ake shiga kantin littattafai, inda abin da ka gani ka so shi za ka ɗauka yau. A rumbun aro aiki biyu ne daban: gano littafin da ya dace da kai, da tsara lokacin da zai iso hannunka. Wannan jagora a kan su biyun take.

Dalilin da ya sa ake bin layi a kan fayil

Sai an fahimci wannan sauran matakan za su yi ma'ana. Laburare ba ya mallakar littafin lantarki yadda yake mallakar na takarda. Lasisi yake saya daga kamfanin wallafa, sau da yawa a kan kuɗin da ya ninka wanda mai saye na gida yake biya, kuma lasisin yana zuwa da sharuɗɗa. Mafi yaɗuwa shi ne kwafi ɗaya, mutum ɗaya: idan laburare ya sayi kwafi 4, mutum 4 ne za su riƙe littafin a lokaci guda, na biyar sai ya jira. Yawancin lasisin manyan kamfanoni kuma yana ƙarewa. Tun 2011 HarperCollins ya ƙayyade aro 26 ga kowane kwafi, daga nan sai a sake saye. Penguin Random House ya koma lasisin shekara 2 a 2018, Hachette ya bi sahu a 2019. Shi ya sa littafin da ka gani bara za ka iya nemansa bana ka rasa: wa'adinsa ya cika, kuma laburaren bai ga alamar ana nemansa ba balle ya sabunta.

Akwai wani tsarin na daban, wanda laburare yake biyan kuɗi duk lokacin da aka ari littafi. Da shi aka fi sanin manhajar aro ta Hoopla. A nan babu layi, amma ana ƙayyade wa kowa adadin aro a wata, kuma wasu laburare suna sa iyakar kuɗin da za a kashe a rana. Idan an cinye na yau, sai gobe.

Abin riƙewa daga wannan: dogon layi yana kan sababbin littattafan da ake yayi. Littattafan da suka kwana biyu, waɗanda an riga an gwada su an ga ingancinsu, su ne suka fi yawa a rumbun, kuma da yawansu suna zaune babu mai taɓawa.

Kati da manhaja

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ka shiga shafin laburarenka ka duba da wace manhaja yake aiki, domin laburare ne yake zaɓa. Libby, ta kamfanin OverDrive, ta fito a 2017 kuma ita ta maye gurbin tsohuwar manhajar OverDrive da aka rufe a 2023. BorrowBox ta kamfanin Bolinda ta yaɗu a Ingila da Ailan da Ostireliya. Akwai cloudLibrary, akwai Hoopla, akwai Sora ta ɗaliban makarantu. Laburare ɗaya yana iya biyan kuɗin biyu ko uku, kuma kowacce da nata kayan, don haka ka sauke duk waɗanda katinka yake buɗewa.

Za a nemi lambar kati da lambar sirri. Da ka shiga, ka rubuta abu uku a wani wuri: littafi nawa za ka iya riƙewa a lokaci guda, layi nawa za ka iya shiga, da kwanakin aron da ake bayarwa. A Libby yawanci ana zaɓa tsakanin kwana 7, 14 da 21, gwargwadon abin da laburaren ya yarda. Duk tsarin da za ka yi daga baya a kan waɗannan lambobi uku zai tsaya.

Idan kana da haƙƙin katin wani laburare, ko ta wurin aikinka, ko makarantarka, ko ƙawancen da laburarenka yake ciki, ka ƙara shi. Libby tana karɓar katuna da yawa, kuma a shafin kowane littafi tana nuna maka a wane laburare layin ya fi gajarta. Amma ka nemi katin da ka cancanta kawai. Kati da adireshin ƙarya yana cin kuɗin mutanen da aka sayi littattafan dominsu.

Ka san abin da kake so tukuna

A nan ya kamata a fi daɗewa, domin mafi yawan aron da ake mayarwa ba a karanta ba daga nan matsalarsa ta faro. Ka tuna littattafai 3 da ka karanta har ƙarshe da jin daɗi, da guda 2 da ka ajiye a hanya. Kada ka tsaya ga batunsu. Ka tambayi kanka me ya riƙe ka, me kuma ya kore ka. Ma'aikatan laburare da suka ƙware a ba masu karatu shawara suna duba abubuwa kamar haka: saurin labari, wato ko yana gudu ne ko yana tafiya a hankali, mutanen da ke ciki, ko mutum ɗaya ake bi har cikin zuciyarsa ko taro ne, wuri da zamanin da labarin yake, salon harshe, mai sauƙi ko mai ado, da yanayin da littafin yake bari a rai, mai nauyi ko mai sanyaya zuciya.

Amfanin wannan a bayyane yake idan aka gwada. Mutum biyu za su ce suna son littafin tarihi. Na farko yana son a bi rayuwar mutum ɗaya daga haihuwa zuwa mutuwa, da wasiƙunsa da rigingimunsa. Na biyu yana son a bayyana masa yadda wata daula ta tara dukiya ta kuma rasa ta, da taswira da alƙaluma. Rukuni ɗaya za su buɗe a manhaja, amma littafin da zai hana na farko barci shi zai sa na biyu hamma. Idan ka iya faɗin abin da kake so a jimla ɗaya, misali "labari mai sauri, mutum ɗaya, gajerun babuka, ba mai yawan zubar da jini ba", ka gama rabin aikin. Ka riƙe jimlar, za ka yi amfani da ita wajen karanta sharhi da wajen tambayar ma'aikacin laburare.

Ga littafin ilimi tambayar ta bambanta: me kake so ka iya, ko ka sani, bayan ka gama? Kuma a wane mataki kake? Littafin da aka rubuta wa ƙwararru yana iya zama mafi inganci a fanninsa amma ya zama ɓata lokaci ga mai farawa.

Inda ake samo sunaye

Shafin farko na manhaja yana nuna abin da aka fi nema, wanda shi ne abin da ya fi dogon layi. Ka gangara ƙasa. Jerin da ma'aikatan laburarenka suka tsara da hannunsu, na wani batu ko na wani yanayi, sun fi amfani, domin sun tsara su ne daga abin da suka riga suka saya.

Bayan haka ka fita daga manhajar ka tara sunaye a waje.

Jerin kyaututtukan adabi hanya ce mai kyau, amma akwai dabara. Wanda ya lashe kyautar bana layinsa ya cika. Ka koma baya shekara 3 zuwa 10, kuma ka duba waɗanda suka kai zagayen ƙarshe ba su ci ba. Alƙalan da suka zaɓi gwarzon su ne suka zaɓe su, kuma sau da yawa suna nan a sake. Kyautar Booker tana nan tun 1969, akwai kuma reshenta na littattafan da aka fassara zuwa Turanci. Pulitzer tun 1917 take, tana da ɓangarorin tarihi da tarihin rayuwa da rubutun ilimi. Hugo ta ƙagaggun labaran kimiyya ce. Kowacce tana ajiye jerin shekarun baya a shafinta.

Akwai mujallun da ma'aikatan laburare da kansu suke dubawa kafin su saya: Kirkus Reviews, Publishers Weekly, Library Journal da Booklist. Sukan sa alamar tauraro a kan sharhin littafin da ya yi fice. Laburare da yawa kuma suna biyan kuɗin wani rumbun bayanai mai suna NoveList, wanda kake ba shi sunan littafin da ka so ya kawo maka makamantansa tare da dalilin kamannin. Ka duba ko katinka yana buɗe shi, mutane da yawa suna da shi ba su sani ba.

Shafukan masu karatu irin Goodreads da StoryGraph suna da amfani idan an san yadda ake karanta su. Matsakaicin taurari ba ya gaya maka komai game da kai. Ka tsallake masu taurari 5 da masu 1, ka karanta sharhin masu taurari 3, domin su ne suke faɗin abin da ya yi da abin da bai yi ba. Wani lokaci ƙorafinsu ma talla ne a wurinka: idan sun ce labarin yana tafiya a hankali, kai kuma abin da kake so ke nan, ka samu.

Hanya biyu da ba a cika amfani da su ba sun fi duk waɗannan a ganinmu. Ta farko, tsofaffin ayyukan marubucin da ake yayi yanzu: ka taɓa sunansa a manhaja, duk abin da laburare yake da shi nasa zai fito, kuma na baya yawanci babu layi. Ta biyu, bin sawu daga littafin da ka riga ka so: shafin godiya, jerin manazarta, da sunan mafassari ko mai karanta sautin. Mafassarin kirki ba ya yawan ɗaukar aikin banza.

Duk sunan da ka samo, ka nemo shi a manhaja ka sa masa alamar "ina so in karanta". Alama ba ta cin gurbin layi, kuma babu iyaka mai takurawa a kanta. Ka tara 30 zuwa 50. Wannan jeri shi ne jarinka, domin duk ranar da ka buɗe shi za ka tarar wasu daga ciki suna a sake.

Tace sakamakon bincike

Idan kana son abin karantawa yanzu-yanzu, ga tsarin da yake aiki. Ka zaɓi rukuni, misali tarihin rayuwa. Ka danna tacewa ka zaɓi waɗanda suke a sake kawai. Ka zaɓi nau'i, na karantawa ko na saurare. Ka zaɓi harshe da masu karatu, manya ko matasa ko yara. Sannan ka jera su bisa farin jini. Abin da zai fito a sama shi ne littattafan da mutane da yawa suka ara a baya amma a wannan lokaci babu kowa a kansu. Wannan haɗin na "a sake" da "farin jini" shi ne mafi saurin hanyar samun abu mai kyau ba tare da jira ba.

Ka kuma bambanta jerawa bisa ranar wallafa da jerawa bisa ranar da laburare ya ƙara littafin. Ta biyu ce take nuna maka sabon saye, kuma idan kana leƙa ta sau ɗaya a mako za ka riƙa shiga layi tun yana gajere. Idan sakamakon ya wuce ɗaruruwa, ka haɗa rukuni biyu, kamar tarihi da kimiyya, sai ya ragu zuwa abin da ido zai iya bi.

Ga abubuwan da suke sa bincike ya dawo fanko alhali littafin yana nan. Wata tacewa da ka kafe tun da daɗewa ka manta, misali littattafan sauti kawai, tana ɓoye sauran. Ka duba saman shafin ka cire ta. Take mai tsawo da aka rubuta duka, har da ƙaramin take, yana rikita bincike. Ka rubuta kalmomi biyu ko uku da sunan ƙarshe na marubucin. Littafi ɗaya yana iya fita da take daban a Amurka da Ingila. Sunan marubucin da aka juyo daga Larabci ko Rashanci yana iya samun rubutu iri biyu ko uku. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, kuma ta bambanta tsakanin bugun takarda da na lantarki da na sauti, don haka wadda ke bayan littafin takarda ba lallai ta kawo maka komai ba.

Gwada littafi kafin ka ara

Kusan kowane littafi yana da samfurin da za a buɗe kyauta, ko da akwai layi a kansa. Yawanci shafukan farko ne, har zuwa kusan kashi 10 cikin 100. Kada ka shiga layin wata 3 a kan littafin da ba ka ba minti 10 ba. Ka tsallake shafukan yabo da sadaukarwa, ka karanta babi na farko. Idan ka kai ƙarshen samfurin ka ji haushin yankewarsa, ka shiga layi. Idan ka lura hankalinka ya tafi wani wuri tun shafi na uku, ka cire alamar ka wuce. A littafin ilimi ka fara da jerin babuka: yana nuna ko marubucin ya san inda za shi.

A shafin bayanin littafi ka duba abu huɗu. Shekarar wallafa, domin littafin lafiya ko fasaha ko doka da ya tsufa yana iya ɓatar da kai. Sunan kamfanin wallafa. Matsayinsa a jeri, idan labari ne mai ci gaba, tare da tabbatar da cewa laburaren yana da kashi na ɗaya da na tsakiya. Saboda ƙarewar lasisi, ba abin mamaki ba ne a sami na 1 da na 2 da na 4 babu na 3. Sai sunan mafassari idan fassara ce, domin tsohon littafi yana iya samun fassara da yawa, wata ta shekara ɗari da suka wuce mai nauyin harshe, wata ta zamani. Ka buɗe samfurin biyu ka karanta sakin layi ɗaya a kowanne, za ka ji bambancin nan take.

Akwai kuma abin da ya kamata a yi hattara da shi, musamman a rumbunan da suke ɗaukar littattafai a dunƙule ba tare da wani ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai 'yan ƙananan littattafai masu ɗauke da taken shahararren littafi da manyan haruffa, da kalmar "taƙaitawa" ko "nazari" da ƙananan haruffa. Akwai kuma waɗanda ƙirƙirarriyar basira ta rubuta. Alamominsu: marubucin da babu labarinsa a ko'ina, wanda ya fitar da littattafai da dama a fannoni marasa alaƙa cikin ƙanƙanin lokaci, shafuka kaɗan ƙwarai, babu manazarta a littafin da yake ikirarin ilimi, da rubutun da yake maimaita magana ɗaya da kalmomi daban-daban. A batun magani, abinci na marasa lafiya ko tsirrai da ake ci, irin wannan littafi yana iya cutarwa. Idan ka gamu da shi ka sanar da laburaren, suna iya ɓoye shi.

Sarrafa layi

Yawan mutanen da ke gabanka ba shi ne ma'auni ba. Ka raba su da yawan kwafi. Mutum 60 a kan kwafi 6 da aron kwana 14 zagaye 10 ke nan, kusan mako 20. Mutum 12 a kan kwafi 1 da aron kwana 21 kuwa mako 36 ne. Layin da ya fi ban tsoro a ido shi ya fi sauri. Kuma yawanci littafin yana zuwa kafin lokacin da aka ƙiyasta, domin wasu suna mayarwa da wuri, wasu suna dakatar da nasu, laburare kuma yakan ƙara kwafi idan layi ya yi tsawo. A ƙawancen laburare, kwafin da wani reshe ya saya da kuɗinsa masu katinsa ake fara ba wa, don haka wani lokaci za ka ga ka tsallake mutane, wani lokaci a tsallake ka.

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne cika guraben layi a rana ɗaya da littattafai masu jira iri ɗaya. Bayan wata biyu sai guda 5 su iso a mako guda. Idan kana da gurbi 10, ka ba 4 ga masu dogon jira, 4 ga masu jiran mako 2 zuwa 6, ka bar 2 a buɗe don abin da zai taso. Tsakanin isowarsu kuma ka ci daga jerin alamarka.

Makamin da ya fi amfani shi ne dakatar da layi. Idan ka dakatar, kana ci gaba da matsawa gaba, amma ba za a miƙo maka littafin ba sai ka ɗage dakatarwar. Ma'ana za ka iya kai littattafai 3 ko 4 bakin layi ka ajiye su a can, ka riƙa sakin ɗaya duk lokacin da ka kusa gama na hannunka. A Libby, idan littafi ya iso kana da kwana 3 ka karɓa. Idan ba ka shirya ba ka dakatar da shi da kanka, kada ka bar lokacin ya wuce, domin maimaita sakaci yana sa a soke layin ka koma baya. Ka kunna sanarwar manhajar, ka kuma tabbatar wayar ba ta toshe ta ba.

Kafin ka karɓa ka yi ɗan lissafi. Shafi 420 a kwana 21 shafi 20 ne a rana. Idan mutane suna jira a bayanka ba za a sabunta maka ba, littafin zai koma da kansa ranar da wa'adi ya cika, sai dai ka sake shiga layi. Idan babu mai jira, damar sabuntawa tana fitowa 'yan kwanaki kafin wa'adin. Wasu laburare suna ware kwafin shahararrun littattafai da ba a bin layi a kansu, wanda ya riga ya gani shi ya samu. Wa'adinsu yakan zama gajere kuma ba a sabunta su, don haka ka ɗauka ne idan kana da sarari a makon. Da ka gama littafi ka mayar, akwai mai jira. A Hoopla kuwa mayarwa da wuri ba ta dawo maka da aron watan, saboda haka can ma sai an gwada samfuri ko an karanta sharhi kafin a danna.

Littafin sauti

Mai karantawa yana iya ɗaga littafi ko ya kashe shi. Ka saurari samfurin da abin saurare a kunne, ka lura da lafazi, numfashi, da yadda yake sauya murya tsakanin mutanen labarin. Ka duba ko cikakke ne ko an taƙaita shi, ana rubutawa a bayanin. Ka duba tsawonsa: awa 14 a aron kwana 14 awa ɗaya ce kullum, idan kuma ka ƙara sauri zuwa 1.25 sai ta koma kusan minti 48. Littafi mai yawan jadawali, taswira ko lissafi bai dace da sauti ba. Kuma ka tuna bugun sauti da na karantawa layinsu daban ne. Idan ɗaya ya cika ka duba ɗayan.

Na'ura da abubuwan da suke lalacewa

A waya ko kwamfutar hannu komai yana faruwa a cikin manhajar. Littafin rubutu zalla megabait kaɗan ne, na sauti kuwa yana iya kai ɗaruruwa, don haka ka saita saukewa a kan Wi-Fi kawai, kuma ka tabbatar ya sauka duka kafin ka fita inda babu intanet. Littattafan hotuna, na zane da mujallu shafinsu a kafe yake, ba a ƙara girman haruffa yadda ake yi a sauran, sun fi kyau a babban allo.

Tura aron Libby zuwa Kindle, na'urar karatu ta kamfanin Amazon, na masu katin laburaren Amurka ne kawai, kuma ba kowane littafi ne yake da wannan damar ba. Akwai tacewa ta musamman da take nuna masu ita. Na'urorin karatu na Kobo da yawa suna da tsarin aro na OverDrive a cikinsu a wasu ƙasashe, amma ba sa ɗaukar littafin sauti na laburare. Ga sauran na'urorin karatu, ana bi ta kwamfuta: ka sauke fayil ɗin, ka buɗe shi da manhajar Adobe Digital Editions, ka haɗa na'urar da kebul ka tura. Ƙaramin fayil mai ƙarewa da ACSM ba shi ne littafin ba, takardar izini ce da manhajar take amfani da ita ta ɗauko littafin. Idan ya ƙi buɗewa, dalili biyu ne suka fi yawa: ko kwamfutar da na'urar ba da asusu ɗaya aka yi musu rajista ba, ko agogo da kwanan watan kwamfutar ba daidai suke ba.

Idan manhaja ta ƙi ba ka aro kwatsam, ka fara zargin katin. Yawancin katuna suna da wa'adi, kuma laburare ne kawai yake sabunta su. Ka sabunta kafin ya mutu, don kada littafin da ka jira wata biyu ya iso ka kasa karɓa.

Idan laburaren ba shi da littafin

Ka fara duba sauran manhajoji da sauran katunanka, sannan bugun takarda. Idan tsohon littafi ne da haƙƙin mallakarsa ya ƙare, kada ka ɓata gurbin layi: shafin Project Gutenberg, aikin da aka fara a 1971, yana da fiye da 70,000 kyauta babu wa'adi, LibriVox kuma yana da na sauti da 'yan sa-kai suka karanta.

Wasu littattafan ba a sayar wa laburare ta waɗannan manhajoji sam, kamar da yawa daga waɗanda Audible, kamfanin littattafan sauti, ya keɓe wa kansa, don haka babu abin da ma'aikaci zai iya yi. Sauran kuwa ana iya nema. A Libby, idan laburarenka ya kunna damar, bincike mai zurfi yana nuna littattafan da ba a saya ba, sai ka sa musu alamar a sanar da kai. Laburaren yana ganin yawan masu sha'awar ba tare da sunayensu ba, kuma yana amfani da hakan wajen saye. Yawancin laburare kuma suna da fom ɗin ba da shawarar saye a shafinsu. Ka cika shi da take, marubuci, shekara, nau'in da kake so, da jimla ɗaya ta dalili, misali cewa shi ne kashi na 3 da ya ɓace daga jerin da suke da sauransa, ko cewa rumbun yana da ƙarancin littattafai a harshen da kake karantawa. Buƙata mai irin wannan bayani ta fi saurin samun amsa. A saƙo ɗaya kuma ka haɗa da jimlar nan taka ta abin da kake so da sunayen littattafai 3 da ka ji daɗinsu, ka roƙi ma'aikacin ya ba ka guda 5 daga abin da yake a sake yanzu.